Gudummawa da Rayuwar Gidan Fasaha: Misalin Mbari Mbayo na Oshogbo

Gabatarwa

Gidan fasaha na jama'a shi ne wurin da masu zane da sassaƙa da rini da wasan kwaikwayo suke taruwa su koyi sana'a, su yi aiki, su kuma nuna abin da suka yi, ba tare da an nemi takardar shaidar makaranta ko kuɗin shiga ba. Irin wannan gida ba ya cikin kasafin kuɗin gwamnati, saboda haka rayuwarsa ta rataya ne a kan gudummawar masu sha'awa. Wannan maƙala za ta duba yadda gudummawa ta kafa wani shahararren gidan fasaha a ƙasar Yarbawa, watau Mbari Mbayo, da kuma darussan da ke cikin tarihinsa.

Asalin Gidan

A shekarar 1961 aka kafa ƙungiyar marubuta da masu zane ta Mbari a birnin Badun. Cikin waɗanda suka assasa ta akwai Ulli Beier, wani malami Bajamushe, da Wole Soyinka da J. P. Clark da Christopher Okigbo da Ezekiel Mphahlele na Afirka ta Kudu. Kalmar mbari ta harshen Ibo ce, kuma Chinua Achebe ne ya ba da shawarar sa wa ƙungiyar wannan suna. Da Duro Ladipo, mashahurin ɗan wasan kwaikwayon nan na Yarbawa, ya ga abin da ake yi a Badun, sai ya ƙudura kafa irinsa a garinsu Oshogbo. A 1962 aka buɗe shi. Mutanen gari suka juya sunan ya dace da harshensu, suka kira shi Mbari Mbayo, ma'ana in na gani zan yi farin ciki.

Ire-iren Gudummawa

Idan aka ambaci gudummawa, kuɗi ne ke fara zuwa a zuciya. Amma tarihin wannan gida ya nuna tana da fuskoki da dama.

Ta farko ita ce muhalli. Duro Ladipo ya ba da gidansu na gado, aka mai da wani sashe ɗakin nuna zane, tsakar gida kuma ta zama dandalin wasa. Wannan kyauta ta ɗauke wa gidan nauyin haya, wanda shi ne yakan fara durƙusar da ƙananan ƙungiyoyi. Bugu da ƙari, da yake gidan yana tsakiyar gari, kuma mai shi ɗan gari ne, jama'a sun ɗauke shi nasu, ba su ji nauyin shigarsa ba.

Ta biyu ita ce ilmi da lokaci. An shirya gajerun tarurrukan koyarwa na 'yan kwanaki, inda Denis Williams, wani mai zane ɗan ƙasar Guyana, ya koyar a farkon lamari. A 1964 Georgina Beier, wadda ta zauna a Zariya kafin ta koma Oshogbo, ta gudanar da taron da ya fi kowanne suna. Hanyarta ita ce a ba matashi takarda da fenti mai araha, a bar shi ya zana abin da ke ransa, sannan a zaɓi masu alamar baiwa a ci gaba da yi musu jagora. Daga nan aka sami Twins Seven-Seven da Muraina Oyelami da Adebisi Fabunmi da Jimoh Buraimoh, wanda a da shi ke kula da fitilun lantarki na ƙungiyar wasan Ladipo, daga baya ya yi fice wajen zane da duwatsun ado.

Ta uku ita ce ciniki. Wanda ya sayi zane ya taimaki gidan fiye da wanda ya yi kyauta sau ɗaya ya tafi, domin ciniki yana mai da ɗalibi mai sana'a. An riƙa kai ayyukan Oshogbo Ikko, ana nuna su a wurare irin su Cibiyar Goethe ta Jamusawa, baƙi 'yan ƙasashen waje suna saye. Sai dai wannan kasuwa ta jawo suka, inda wasu masana suka ce ta sa masu zanen suna maimaita abin da Turawa ke so.

Kuɗi da Igiyarsa

Fuska ta huɗu, watau tsabar kuɗi, ita ce mai sarƙaƙiya. Uwar ƙungiya ta Badun ta sami tallafi daga wata ƙungiya mai suna Congress for Cultural Freedom, mai hedkwata a birnin Faris, da kuma Gidauniyar Farfield ta Amurka. Da irin wannan kuɗi aka buga littattafai da mujallar Black Orpheus. A tsakanin 1966 da 1967 jaridun Amurka suka tona cewa hukumar leƙen asirin ƙasar, watau CIA, ita ce ke zuba kuɗi a waɗannan kafofi a ɓoye, domin gasar da take yi da Tarayyar Sobiyet wajen jan ra'ayin masu ilmi. Marubutan da suka amfana sun ce ba su san tushen kuɗin ba. Duk da haka zargi ya shafi mutuncin aikinsu, ya kuma tabbatar da maganar Hausawa cewa kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, ko da kuwa bai san hannun da ya miƙo ladan ba.

Bayan Tafiyar Masu Taimako

Ulli da Georgina sun bar Nijeriya a ƙarshen 1966, yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, Okigbo ya rasu a fagen fama a shekarar, ƙungiyar Badun kuwa ta yi sanyi. Amma fasahar Oshogbo ba ta mutu ba, saboda an riga an zuba gudummawar a cikin mutane. Masu zanen sun buɗe wurarensu, sun ɗauki almajirai. A 1983 Nike Davies-Okundaye ta kafa cibiyarta a Oshogbo da kuɗin da ta samu daga sayar da ayyukanta, inda aka koya wa matasa, musamman mata, rinin adire da sauran sana'o'in hannu kyauta. A 2005 kuma hukumar UNESCO ta karrama Twins Seven-Seven da laƙabin mai fasaha domin zaman lafiya.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya tsamo darussa uku. Na ɗaya, gidan fasaha ya fi ƙarko idan muhallinsa da shugabancinsa suna hannun 'yan gari. Na biyu, wajibi ne masu karɓar tallafi su binciki tushensa da manufar mai bayarwa, kada kuma su dogara ga hannu ɗaya, domin kwanon aro ba ya kai mutum ƙarshen biki. Na uku, gudummawar da ta fi amfani ita ce wadda ta bar ɗalibi da sana'ar da zai ci abinci da ita, har ya koya wa na baya.