Giranola: Asalinta da Yadda Ake Haɗa ta a Gida

A cikin kayan karin kumallo da Turawa suka yaɗa a duniya, giranola tana daga cikin masu tsada a kanti, kuma tana daga cikin masu sauƙin haɗawa a gida. Hatsi ne da aka cuɗa da mai da zuma ko sukari, aka zuba masa gyaɗa ko danginta, aka gasa a hankali har ya bushe ya yi ƙaras-ƙaras. Ana shan ta da madara ko yogot, wasu kuma haka nan suke tauna ta gaya.

A Amurka aka fara ta, kuma a gidan jinya. A shekarar 1863 wani likita mai suna James Caleb Jackson, wanda yake da gidan kula da masu neman lafiya a garin Dansville na jihar Niyok, ya kwaɓa garin alkama da ba a cire wa dusa ba, ya gasa, ya farfasa, ya sake gasawa. Ya sa wa abin suna granula. Taurinsa ya kai sai an jiƙa shi ya kwana kafin haƙori ya iya da shi. Bayan wasu shekaru Dakta John Harvey Kellogg na garin Battle Creek a jihar Mishigan ya yi irin nasa, ya kuma ɗauki sunan. Da maganar shari'a ta taso sai ya sauya harafi ɗaya, ya mai da shi granola. An daɗe ba a jin ɗuriyarta, sai a shekarun 1960 matasan Amurka masu gudun abincin gwangwani suka farfaɗo da ita a siffar da muka sani yau. Kamfanoni ba su yi sanya ba: a 1972 Quaker ya fito da tasa. Akwai kuma 'yar uwarta musili, wadda likitan Suwizalan Maximilian Bircher-Benner ya ƙirƙiro wajen 1900, amma ita ba a gasa ta, ba a kuma sa mata mai.

Ƙashin bayan giranola shi ne ots, hatsin ƙasashe masu sanyi da aka fi nomawa a Rasha da Kanada. A wajenmu an fi saninsa da sunan kamfanin da ya daɗe yana sayar da shi, wato Quaker, kuma kununsa aka saba damawa. Kafin ya zo kanti an turara ƙwayarsa, an bi ta da na'ura an baje ta. Dalilin turarawar shi ne ots ya fi yawancin hatsi maiƙo, kuma in ba a kashe sinadarin da ke lalata maiƙon da zafi ba, da wuri yake yin maƙaƙi. Wanda ya dace da giranola shi ne mai faɗi da kauri. Mai laushin nan da ake damawa cikin minti ɗaya ko biyu ya riga ya dagargaje, in aka gasa shi gari-gari yake komawa.

Ga awon da ba ya ba da kunya: kofi 3 na ots, kofi 1 na gyaɗa ko kashu da aka ɓarza, rabin kofi na riɗi da gurzajjiyar kwakwa, sulusin kofi na zuma, sulusin kofi na man gyaɗa ko man kwakwa, rabin ƙaramin cokali na gishiri, sai ɗan garin kirfa ko citta. A haɗa busassun kayan a kwano guda. A ɗan ɗumama zumar da man har su tsinke, a zuba, a juya sosai har kowace ƙwaya ta sami rabonta. A baza a faranti, kada ya yi tudu, a sa a obin mai zafin digiri 150 na ma'aunin Salshiyas na tsawon minti 30 zuwa 40, ana juyawa duk bayan minti 10 ko 15.

Wutar ita ce inda akasari ake yin ɓarna, don haka ya kamata a san me ke faruwa a cikin farantin. Aiki biyu ne suke tafiya tare. Na farko, ruwan da ke cikin zumar da hatsin yana fita. Na biyu, sukari da furotin suna haɗuwa a kan zafi su ba da launin ƙasa-ƙasa da ƙamshin gashi, abin da masanin sinadarai na Faransa Louis-Camille Maillard ya yi bayani a 1912. In wuta ta yi yawa, aiki na biyu sai ya riga na farko: waje ya yi baƙi, ciki da sauran danshi, a ƙarshe a sami abu mai ɗaci kuma mai danƙo. Zuma ta fi sukari saurin ƙonewa saboda irin sukarin 'ya'yan itace da ke cikinta, shi ya sa mai aiki da ita ba ya nisa da obin. Man kuma shi ne yake raba zafin ya ratsa ko'ina. Masu rage shi da yawa don gudun ƙiba sukan tashi da busasshen hatsi marar armashi.

Wani abin da ke ruɗin sabon shiga shi ne, giranola ba ta yin ƙaras a cikin wuta. Za a fito da ita tana da laushi, mutum ya zaci ba ta yi ba, ya mayar, ta ƙone. Sukarin da ya narke sai ya huce yake daskarewa, kamar dai yadda kantun riɗi ba ya kama jikinsa sai ya sha iska. Launi da ƙamshi su ne ma'auni: da ta yi ruwan zuma, a sauke, a bar ta a farantin ta huce sarai. Mai son ta dunƙule-dunƙule sai ya danne ta da bayan cokali a juyin ƙarshe, kada ya sake taɓawa sai ta yi sanyi. Wasu sukan kaɗa farin ƙwai guda su cuɗa a ciki kafin gashi, don ya ƙara riƙe ta.

Dabino da zabibi da sauran busassun 'ya'yan itace bayan an sauke ake zuba su, domin wuta tana mai da su tsakuwa. In gyaɗar soyayyiya ce, ita ma a jinkirta ta zuwa mintunan ƙarshe. Kuma a tsince ta da kyau, a zubar da duk wadda ta yi funfuna ko ta motse, saboda gubar afalatoksin da ke cikin irin wannan gyaɗar gashi ba ya kawar da ita.

Rashin obin ba ya hana komai. A kasko mai kauri, a kan wuta kaɗan, sai a fara soya ots da gyaɗar cikin man, ana juyawa ba tsayawa har su yi ƙamshi, sannan a zuba zuma a minti biyu ko uku na ƙarshe, a juye a faranti. Tukunya da yashi irin ta gashin kek ita ma tana yi.

A adana ta a kwalba mai murfi da ke rufuwa gam. Takan yi mako biyu zuwa uku. Da hunturu ba ta da matsala, amma da damina takan sha danshi ta yi laushi, sai a mayar da ita wuta na 'yan mintuna.

Game da lafiya kuwa, sunanta ya fi ta. Gaskiya ne ots yana da wani sinadari mai yauƙi, beta-gulukan, da ke taimakawa wajen rage kolestarol, har hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a rubuta haka a jikin kwali tun 1997. Amma giram 100 na giranola yakan haura kalori 400, kuma ta kanti sau da yawa maƙil take da sukari. Ribar yin ta a gida ita ce mai yi shi ke riƙe da cokalin zumar. Rabin kofi ya ishi babba a zama ɗaya, mai ciwon sukari ya fara jin ta bakin likitansa, kuma kada a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba duk abin da aka sa wa zuma.