Mota Ba Ta Zama Adireshi A Bab Makka

Duk ɗan zango da ya taɓa sauka Jidda ya san Bab Makka, watau ƙofar gabas ta tsohon gari, wadda mahajjata ke bi su nufi Makka tun zamanin raƙuma. An rushe ganuwar birnin a 1947, amma kasuwar wurin tana nan tana ci dare da rana, Hausa kuwa ba baƙon harshe ba ne a cikinta.

Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 Hukuma ta rushe unguwanni masu yawa a Jidda, irin su Karantina da Sabil da Ghulail, inda talakawa baƙi ke samun ɗaki da araha. Kuɗin haya ya hau. To, mai 'yar motar kai kaya yana iya raya wa ransa cewa ya shimfiɗa katifa a bayanta ya huta da biyan haya. Kafin ɗanku ko yaronku ya yi wannan dabara, dattawa, ga abin da ya kamata ku sanar da shi.

Inshorar mota tilas ce a Saudiyya. Tun ran 1 ga Oktoba 2023 na'ura ce ke karanta lambar mota a kan hanya, in ba ta da inshora sai tara ta iske mai ita a waya, ba sai ɗan sanda ya tsai da shi ba. Tarar kuwa, riyal 100 zuwa 150, ita ce ƙaramar masifa. Babbar ita ce diyya. Tun 2011 diyyar kisan kuskure riyal 300,000 ce. Inshorar dole tana ɗauke wa direba haƙƙin waɗanda ya yi wa ɓarna har zuwa riyal miliyan 10. Wanda ba shi da ita, daga aljihunsa za a nema, in babu sai a bi dangi da ƙoƙon bara har zango.

Sai dai kamfani ba ya yanka wa mutum inshora sai ya kawo abu uku: iƙama, watau katin zama, istimara, watau takardar rajistar mota, da adireshin ƙasa, wanda suke kira Unwanul Waɗani. Gidan waya na Saudiyya ne ke ba da shi, an kuwa gina shi a kan gini: lambar gida mai alƙaluma 4, sunan titi, unguwa, gari, lambar gidan waya mai alƙaluma 5, da ƙarin lamba mai 4. Mota, yau tana bakin kasuwa gobe tana hanyar Madina, ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Mutanen Ghana ba za su yi mamaki ba, domin dokar inshorar mota tana nan tun 1958, adireshin GhanaPostGPS kuma tun 2017.

Ina mafita? Mafita ita ce mutum ya kasance da masauki na gaskiya, kome ƙanƙantarsa. Ko ɗakin da uban gidansa ya ba ma'aikata, ko gidan ɗan'uwa da ya yarda ya zauna tare da shi, ko su haɗa kuɗi su kama ɗaki, a rubuta yarjejeniyar hayar a tsarin Ijar na Hukuma. Da lambar iƙama sai ya yi rajistar adireshin ta waya. In ya tashi daga wurin, ya sake shi nan da nan.

Sa'an nan a kiyayi ƙarya wajen cika takarda. Kamfani yakan tambayi inda mota ke kwana da aikin da ake yi da ita, da haka yake yanke kuɗi. Wanda ya ari adireshin da bai taɓa kwana a ciki ba, ko ya ce motar hawa ce alhali haya yake yi da ita, ran da hatsari ya auku kamfani yana iya biyan wanda aka yi wa ɓarna, sa'an nan ya juyo ya bi mai motar bashin kuɗin duka. A tuna kuma inshorar dole ba ta biyan motar mai ita, balle dabino da zannuwa da turaren da ya loda a ciki.

In an yi karo ba wanda ya ji rauni, kamfanin Najm ake kira ya zo ya auna laifi. In akwai rauni, sai 'yan sandan hanya, watau Murur.

Wanda ya shiga da bizar Umra kuwa ba shi da iƙama, saboda haka kada ya ba wani kuɗi a saya masa mota da sunan wani. A idon Hukuma mai suna a istimara shi ne mai mota, ran da rigima ta tashi kuwa takardar za a duba.

Muna roƙon sarakunan zango da limamai su ja kunnen samari masu shirin tafiya: a fara neman ɗaki kafin a nemi mota. Allah ya kiyashe mu da tsautsayi, ya ba mai nema sa'a, amin.