Rigar Sanyi: Abin Dubawa Kafin a Fitar da Kuɗi

Damina ta ɗauke, an yanke riɗi, iskar arewa kuma ta soma kaɗawa da asuba. Da yawa daga cikin iyalan da ke nan sun baro gida da kayan jikinsu kawai: wasu daga Rusairis da Damazin tun rikicin 2022, wasu daga ƙauyukan Jazira bayan abin da ya auku a Madani a Disambar 2023, wasu kuma yaƙin 2024 ne ya tashe su daga Sinja da ƙauyukan Dindir. Wanda ya gudo cikin zafi ko cikin ruwa bai tsaya ɗaukar rigar sanyi ba. Yanzu kuɗi kaɗan ne a hannu, kuma wanda ya sayi riga marar amfani ba shi da na sayen ta biyu. Shi ya sa muka tattara waɗannan bayanai.

Sanyinmu da ruwanmu ba sa zuwa tare

A ƙasar Dindir ruwa yana sauka daga Yuni zuwa Oktoba, ya fi ƙarfi a Yuli da Agusta, kuma a lokacin ba a sanyi mai tsanani. Sanyi kuwa, wanda ake cewa shita, daga Disamba ne zuwa Fabrairu, busasshe ne, iska ke kawo shi. Da asuba ma'aunin zafi yakan sauka ƙasa da digiri 15, da rana ya haura 30.

Saboda haka rigar da ake yi wa ƙasashen ƙanƙara, mai kauri kamar katifa, ba tamu ba ce. Tana da tsada, kafin hantsi ta zama kaya, kuma wankinta yana cin ruwan da ba mu da shi. Rigar ruwa ta roba ita ma ba ta maganin sanyi. Tana hana ruwa shiga, tana kuma hana zufa fita. Mai yankan dawa ko mai kora karo da ya sa ta zai jiƙe daga ciki, da ya tsaya hutawa iska ta bugi jiƙaƙƙen jiki, sanyin ya fi na da.

Abin nema shi ne jaket mai matsakaicin kauri, wadda bayanta ke tare iska, raɓa da yayyafi kuma ba sa ratsa ta nan da nan. Ruwan damina mai ƙarfi kuwa, rigar leda mai araha ko yankin tamfol da aka huda wa wuya ya ishe shi in lokacinsa ya zo.

A tuna kuma, sanyin bana zai fi damunmu fiye da yadda muka saba. Bangon ƙasa yana riƙe zafin rana ya sake shi da dare. Tamfol da rumfar kara ba sa riƙe komai.

Sirara uku sun fi mai kauri ɗaya

Ba riga ce ke kawo ɗumi ba, jikin mutum ne. Aikin riga shi ne ta tsare iskar da jiki ya ɗumama kada ta gudu. Tsakanin kowace riga da ta samanta akwai irin wannan iska. Don haka a sa fanila ko riga mai dogon hannu a ciki, suwaita a tsakiya, jaket mai tare iska a waje. Rana na ɗagawa sai a riƙa cirewa ɗaya bayan ɗaya kafin zufa ta karyo.

Wannan yana nufin a sayi jaket mai ɗan yalwa, wadda suwaita za ta shiga ƙarƙashinta. Wadda ta matse jiki ba ta bar wa iska wuri ba. Ga yara, a ƙara girma kaɗan don ta kai baɗi, a naɗe hannun.

Kowane yadi da halinsa

Ulu, wanda a Larabci ake rubuta suf a jikin ƙyallen wuya, yana da ɗumi ko da ya ɗan jiƙe, kuma wuta ba ta saurin kama shi. Aibinsa nauyi, da jinkirin bushewa, da ƙanƙancewa in an wanke da ruwan zafi. Iska tana ratsa saƙar suwaita, sai an ɗora wani abu a kai.

Auduga tana da daɗi a jiki, amma tana shan ruwa ta riƙe. Jaket ɗin jins da na auduga mai kauri suna da ƙarko, sai dai ga masunci ko mai ɗiban ruwa da asuba, da sun jiƙe sun zama abin cuta.

Foliyesta mai laushi kamar bargo ba ta da nauyi, tana da ɗumi, tana bushewa da wuri, ta dace da tsakiya. Nailan mai santsi shi ya fi tare iska da raɓa, ya dace da waje. Duka biyun suna narkewa a wuta, za mu dawo kan wannan.

Jaket mai kumburi iri biyu ce. Akwai mai gashin tsuntsu a ciki, wadda da ta jiƙe gashin ya dunƙule, ɗumin ya tafi. Akwai mai audugar roba, wadda ta fi jure wanki da zaman sansani. A matsa da yatsa: in an ji ƙananan tsinke, gashin tsuntsu ne.

Gwaji a gaban mai kaya

Yawancinmu gwanjo za mu saya, wanda a kasuwa ake cewa gugu. Ba abin kunya ba ne, sau da yawa tsohuwar riga mai kyau ta fi sabuwa mai araha ƙarko. Sai dai sai an gwada akan san na ƙwarai. A je da rana, kada a saya da magariba.

1. A ɗora yadin a baki, a sa tafin hannu a bayansa, a hura. In iskar ta iso hannu da sauƙi, iskar asuba ma za ta iso ƙirji.
2. A ɗiga ruwa kaɗan a kafaɗar rigar. In ya tsaya ya gangara, da kyau. In ya nutse wurin ya yi duhu, ba ta tare raɓa.
3. A ɗaga ta saitin rana. Inda haske ya ratso, wurin ya ci ko cikon ya zube.
4. A juya cikinta waje, a ja ɗinkin hammata da na kafaɗa da na aljihu. In akwai shafen roba a ciki yana ɓarewa kamar garin sabulu, ta gama aiki.
5. A ja zif, wato sosta, sama da ƙasa sau uku. A duba haƙoransa, musamman na ƙasa. Wanda ke da marfin yadi da maɓallai a kansa ya fi, don ko zif ya mutu rigar tana rufuwa.
6. A sa ta, a ɗaga hannu sama, a sunkuya. Ta rufe ƙugu, wuyanta ya tashi, bakin hannunta ya kama.

Yagewa ƙarama ko maɓallin da ya faɗi ba aibi ba ne, allura da zare sun isa, kuma dalili ne na neman ragi. Canjin zif kuwa aikin tela ne, a tambayi kuɗinsa kafin a biya na rigar.

Launin da za a guje wa

Wannan magana daga ofishin kariya take, muna roƙon iyaye su karanta wa samari. Kada a sayi jaket mai zanen kayan soja, ko mai launin kaki, ko mai tambari ko tuta a kafaɗa, kome arharta, kome ƙarkonta. A shingen bincike ko a hanyar gona da duhun asuba, ana iya ɗaukar mai ita a matsayin mayaƙi, kuma ba kullum ake tsayawa jin bayani ba. Wanda yake da irinta ya bar ta ta zama shimfiɗa a ɗaki. A laluba aljihun duk rigar da aka saya, kada a yi yawo da takarda ko katin wani ba a sani ba.

Ga ƙananan yara, launi mai haske ya fi, don mai mota ya hango su, uwa kuma ta gane nata a cikin taro. A zare igiyar da ke wuyan hular rigar yaro, tana iya sarƙewa ta shaƙe shi.

Kafin a sa

Kayan gwanjo na iya zuwa da kwarkwata ko ƙazwa, kuma a wurin da ake kwana a cunkushe, mutum ɗaya ya isa ya raba wa ɗaki. A wanke da sabulu da ruwan zafi, a shanya a rana ciki da waje. Ulu da abin da ba ya son ruwan zafi, a ƙulle shi a leda mako biyu, sannan a wanke da ruwan sanyi. Bayan wannan, kada a yawaita wanke jaket ko a murɗe ta, wanki yana cinye abin da ke tare ruwa. A goge datti da jiƙaƙƙen tsumma.

Wa za a fara saya wa?

In kuɗin riga ɗaya ne, ba mai gida ne farko ba. Jarirai, yara 'yan ƙasa da shekara 5, tsofaffi, marasa lafiya da masu rama su sanyi ya fi kayarwa. Bayansu sai mai fita aikin asuba. Jariri ba ya bukatar jaket: hula, safa, riga ɗaya fiye da ta babba, da jikin uwarsa. Kan jariri babba ne in an gwada da jikinsa, ɗumi mai yawa ta nan yake fita.

Kada a sayar da bargo ko tabarma don a sayi jaket. Ƙasa tana zuƙe ɗumin mai kwance, abin da ke ƙarƙashi yana da muhimmanci kamar abin rufa. Ko kwali ko busasshiyar ciyawa a ƙarƙashin tabarma tana taimakawa.

Yaron da ke tari, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana kwance shiru. In ya kai 60 ga ɗan ƙasa da wata 2, ko 50 ga ɗan wata 2 zuwa shekara 1, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa in ya ja numfashi, a kai shi asibiti a ranar. Alamar ciwon huhu ce, ƙarin riga ba ya warkar da shi.

Wuta

Nailan da foliyesta in tartsatsi ya taɓa su narkewa suke yi su manne da fata, ƙunarsu tana da zurfi. Mai girki ta cire irin wannan riga ko ta naɗe hannunta. Kada a bar yaro mai sanye da ita yana jin ɗumi shi kaɗai. In riga ta kama, kada a gudu: a kwanta a yi birgima, a lulluɓe da bargon ulu ko a zuba ruwa. A sanyaya ƙunar da ruwa mai tsabta na minti 20, kada a ɓamɓare abin da ya manne, a tafi asibiti.

Kada kuma a kwana da garwashi a cikin rufaffen tanti. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barcinsa.

Kayan agaji kyauta ne

Bargo, tabarma, tamfol, tufafi, duk abin da aka raba da sunan agaji ba a biyansa da kuɗi, ba a biyansa da wani abu dabam. Wanda ya nemi wani abu a wurinku ko a wurin 'ya'yanku mata don ya sa sunanku, ku sanar da ofishin kariya, za a riƙe sirrinku. In kun san tsoho mai zaman kansa, ko yaran da ba su da babba tare da su, ku kawo mana labarinsu kafin sanyi ya kankama. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa.

Allah ya ba mu lafiya, ya mayar da kowa gidansa cikin aminci.