Beethoven da Cinikin Takardun Kiɗa

A zamanin Ludwig van Beethoven, wanda aka haifa a Bonn ta ƙasar Jamus a 1770 ya kuma rasu a Biyana a 1827, mai tsara kiɗa yakan sayar da aikinsa ga maɗaba'a ne a kan kuɗi dunƙule guda, daga nan ribar duk kwafin da aka buga ta zama ta mai maɗaba'ar. Haƙƙin mallaka, wato ikon da doka ke bai wa mai fasaha na hana wani buga aikinsa ba da izininsa ba, bai ƙetare iyakar ƙasa ba a lokacin, don haka kiɗan da ya fito a Biyana yana iya bayyana a Faris ko Landan ba tare da mai shi ya ga ko anini ba.

Dabarar da Beethoven ya yi amfani da ita, wadda ta nuna kaifin basirarsa a ciniki, ita ce sayar da aiki ɗaya ga masu maɗaba'a a ƙasashe daban-daban bisa sharaɗin su fitar da shi kusan lokaci guda, yadda masu satar fasaha ba za su riga su kasuwa ba. A 1807 ya ƙulla irin wannan yarjejeniya da Muzio Clementi, wani mai maɗaba'a na Landan, a kan fam 200. Duk da haka kuɗin ɗab'i bai wadace shi ba, sai da wasu manyan 'ya'yan sarauta uku na Biyana suka yanka masa alawus na gulden 4,000 a shekara tun daga 1809, domin kada ya bar birnin.