Daga ina arzikin ƙasa yake fitowa?

Kowace shekara ma'aikatan ƙididdiga a Yamai suna lissafa dukiyar da ƙasarmu ta samar. Suna haɗa hatsin da aka noma, da bisashen da aka sayar, da ma'adinan da aka haƙo, da cinikin kasuwa. In jimillar bana ta fi ta bara, sai a ce tattalin arziki ya bunƙasa. To, me ke sa ya bunƙasa? Kuma ina rabon manomi a ciki?

Gyaɗa, yuraniyom, man fetur

Dattawanmu suna tune da zamanin gyaɗa. Bayan samun mulkin kai a 1960, ita ce babbar hajar da Nijar take sayarwa waje. Fari da cutar shuka suka karya ta a shekarun 1970. Sai yuraniyom ya maye gurbinta. An fara haƙarsa a Arlit a 1971. Kuɗi suka shigo, aka shimfiɗa hanyoyi, aka yi manyan gine-gine a Yamai. Da farashinsa ya faɗi a farkon shekarun 1980, baitulmali ya shiga matsi.

Daga baya man fetur ya zo. Matatar Damagaram ta fara aiki a 2011. A 2024 aka fara fitar da ɗanyen man Agadem ta bututu mai tsawon kilomita wajen 2,000 zuwa gaɓar teku a ƙasar Benin. Wannan dukiya ce, ba mu raina ta ba. Amma ba mu ke yanka mata farashi ba, kuma mutanen da take ba aiki kaɗan ne. Cikin ƴan Nijar 10, wajen 8 da noma da kiwo suke rayuwa. Cikin kashi 100 na dukiyar da ƙasa take samarwa, wajen kashi 40 daga gona da garke suke fitowa. Shi ya sa shekarar da damina ta yi kyau, lissafin ƙasa ma yana yin kyau. Shekarar fari kuwa, kamar 1973 da 1984, ƙasa duka ta ji a jikinta.

Bakuna suna ƙaruwa

A 1960 mu wajen miliyan 3 ne. Ƙidayar 2012 ta same mu miliyan 17. Ta nuna cewa kan kowane mutum 100, kusan 4 suna ƙaruwa a shekara. In an ƙara tiya ɗaya a tukunya, baƙi biyar kuma suka iso, lomar kowa raguwa za ta yi. Gonaki ba sa faɗaɗa kamar yadda iyali suke yawa. Saboda haka hanya guda ce: gona ɗaya ta ba da fiye da abin da ta saba bayarwa. Abubuwa huɗu ne suke kawo hakan.

Na ɗaya: ruwa

Daminarmu wata uku ce ko huɗu. Sauran watanni hannaye da yawa suna zaune, ko su tafi ci-rani. Bayan farin 1984, gwamnatin Seyni Kunce ta yi kira ga jama'a su rungumi noman rani. Aka haƙa rijiyoyi, aka kafa garake. A bakin kogin Kwara, a Saga da Kirkisoye, masu noman shinkafa suna girbi sau biyu a shekara. Albasar Galmi ta jihar Tawa ta yi suna har Abijan da Akara. Duk wanda ya ci kuɗinta, tun daga mai ban ruwa har mai ɗinkin buhu da direban babbar mota, ruwan rani ya ci.

Ruwa kuwa yana son tsaro. A 2020 kogi ya fasa madatsai a Yamai, ya cinye gonakin shinkafa da gidaje. Gyaran madatsa da yasar magudana tun kafin damina aikin tattalin arziki ne.

Na biyu: ƙarfin ƙasa

A da, manomi yakan sare kowane tsiro lokacin sassabe. Iska ta riƙa kwashe ƙasa, tana binne shuka. Daga shekarun 1980, manoman jihar Maraɗi suka fara barin tohon kututture. Sukan zaɓi rassa masu ƙarfi, su datse sauran, su kare su daga bisashe. Dabarar ta bazu zuwa Damagaram da wasu wurare. Masana sun kiyasta cewa gonaki wajen hekta miliyan 5 sun farfaɗo, da itatuwa wajen miliyan 200.

Dubi gawo. Yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa hatsi inuwa. Ganyensa taki ne, ƴaƴansa abincin bisashe ne da rani. Wannan taki ba a sayo shi daga waje ba, ba a ci bashi a kansa ba.

Na uku: lafiyar jiki

Masassarar cizon sauro tana tsananta ne da damina, daidai lokacin da gona take neman hannu. Magidancin da ya kwanta mako ɗaya lokacin noman farko, haki ya riga shi. In yaro ya kwanta, uwa ta bar aikinta, a sayar da akuya don magani. Ta haka cuta take cin jarin gida.

An ga abin da rigakafi yake yi. A 1998, cikin yara 1,000 da aka haifa, 226 ba sa kai shekara biyar. A 2009 adadin ya sauko zuwa 128. Allurar rigakafi, da gidan sauro, da ƙananan ɗakunan shan magani na karkara, da dokar 2006 ta duba yara ƙanana kyauta, duk sun taimaka. Mu kwana cikin gidan sauro. Mu karɓi ƙwayoyin rigakafin masassara da ake ba yara wata-wata da damina. Mu ba da tazara tsakanin haihuwa, don uwa ta murmure, yaro ya sha nono ya ƙoshi.

Na huɗu: ajiya da kasuwa

Da kaka kowa yana sayarwa, farashi ya faɗi. Da bazara, wanda ya sayar da araha shi ne yake saye da tsada. Wake kuma ƙwari suna cinye shi a rumbu, albasa tana ruɓewa in wurin ajiya ba ya shan iska. Buhu mai ciki uku, wanda ake ɗaure kowane ciki dabam, yana kashe ƙwarin wake ba tare da guba ba. Wasu ƙungiyoyin manoma suna kulle amfaninsu a sito, su karɓi rance a kansa, su sayar bayan farashi ya tashi. A 1991 aka fara asusun Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi. Mata suna zubi mako-mako, suna ranta wa junansu jarin sana'a. Wannan tsari ya bazu zuwa ƙasashe da yawa na Afirka.

Kasuwa ma sai da hanya. Da aka rufe iyakoki a 2023, kaya suka tsaya, farashin cimaka da magani ya hau. Muka ga yadda rayuwarmu take ɗaure da ta maƙwabta. Muka kuma ga darajar abin da muke nomawa da hannunmu.

Rabon kowa

Gwamnati tana da nata nauyi. Kuɗin fetur da na yuraniyom, in aka zuba su a madatsun ruwa, da hanyoyin karkara, da asibitoci, da makarantu, za su ci gaba da haihuwa bayan rijiyoyin mai sun ƙafe. Mu ma muna da namu. Bana mu bar tohon gawo a gona. Mu tanadi irin garka tun kafin ruwa ya ɗauke. Mu riƙe wani abu daga girbi har farashi ya gyaru. Mu kai yaro asibiti ranar da jikinsa ya fara zafi. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. In gidan manomi ya ƙoshi, ƙasa ta ƙoshi.