ƁERAN MASAR: ABIN WASA A WATA ƘASA, NAMA A WATA

Ya ku manoma da dagatai na ƙasar Watari, wannan takarda a kan wata 'yar dabba ce da 'ya'yanku su kan sayo a kasuwa tare da zomaye da tantabaru, watau ɓeran Masar. Sau da yawa yaro ya kan shigo da shi gida da murna, uban kuwa da jin sunan sai ya ce a fitar masa da ƙazanta. Kafin ku yanke wannan hukunci, ya kamata ku san ko mene ne shi, ku kuma ji yadda mutanen waɗansu ƙasashe su ke ɗaukarsa, gama bakinsu bai zo ɗaya ba.

Da fari, sunan nan ruɗi ne. Ba daga Masar ya fito ba, kamar yadda masarar da ku ke shukawa a bayan gida ba daga can ta fito ba. Su duka biyu asalinsu nahiyar Amurka ne. Ba kuwa Hausawa kaɗai suka ɓata masa suna ba. Turawan Ingila suna ce masa aladen Gini, Faransawa aladen Indiya, Jamusawa ɗan aladen teku, alhali kuwa ba abin da ya gama shi da alade sai kuka da gajeren wuya. Gaskiya ce yana cikin zuriyar dabbobi masu gaigaya, amma ya fi kusa da beguwa da gyazbi bisa ga ɓeran ɗaki. Ba shi da wutsiya, ba ya hawan bango, ba ya huda rumbu. Ciyawa ce abincinsa.

Mutanen duwatsun Andis, a ƙasashen Peru da Bolibiya da Ikwado, su ne suka fara kiwonsa, shekaru dubbai ke nan. A wurinsu matsayinsa na kaza ne a wurinmu. A ƙauyukansu a kan sake shi a ɗakin girki, yana kewaya murhu yana cin ɓawon kayan miya, in an yi baƙo na girma ko ana biki a kama a gasa. An ƙiyasta a Peru kaɗai ana cin wajen miliyan 65 kowace shekara, har a 2013 gwamnatinsu ta ba shi rana tasa, Juma'a ta biyu ga watan Oktoba. Ka ce wa mutumin can dabbar nan ba ta ciwuwa, sai ya dube ka yadda za ka dubi wanda ya ce ba a cin zabo.

Bayan mutanen Sifen sun ci ƙasar Peru wajen 1532, fatake suka kai shi Turai cikin jiragen ruwa. Can ya zama abin sha'awa a gidajen attajirai, daga baya ya zama na yara. Bature ya kan raɗa masa suna, ya taje masa gashi, in ya yi ciwo ya kai shi wurin likitan dabbobi ya biya kuɗi. In ya ji ana gasa shi a wata ƙasa, sai ransa ya ɓaci. A ƙasar Suwizalan an yi doka a 2008 ta hana mutum ya ajiye guda ɗaya tak. Mai karatu ya yi dariya in ya so, amma dokar tana da tushe, domin dabbar garke ce, kaɗaici ya kan sa ta rame.

Likitoci kuma da tasu hanya. Da shi Robert Koch na Jamus ya yi gwaji sa'ad da ya gano ƙwayar tarin fuka a 1882. A 1907 likitoci biyu a Norwe suka ga in an hana shi ɗanyen ganye sai dasashinsa ya ruɓe, gaɓoɓinsa su kumbura, tamkar mutum. Dalili kuwa jikinsa ba ya iya haɗa sinadarin da a ke kira bitamin C, sai ya samu cikin abinci. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

A nan Afirka, mutanen Kamaru da na gabashin Kwango suna kiwonsa don nama. A lardunan Kibu, inda yaƙi ya cinye wa talakawa shanu da awaki, ya yi musu rana, gama abin da za a zuba cikin kwando a gudu da shi ɓarawo ba ya kora shi.

To, mu fa? A ƙasar Hausa yawanci wasan yara a ke ɗaukarsa. Zancen cin namansa na malamanku ne, su za ku tambaya, sai dai ku bayyana musu dabbar sosai, kada a yi mata hukunci da sunan aro. Amma in nama ku ke nema, zomo ya fi. Zomanya wata ɗaya ta ke yi da ciki, ta haifi 'ya'ya 6 ko 8. Ta ɓeran Masar kuwa sai ta yi mako 9 ko 10, ta haifi 2 ko 3 ko 4, babbansu ma da ƙyar ya wuce kilo ɗaya. Amfaninsa a gare ku wani ne dabam. A ƙasarku gona ta haɗe da gona, makiyaya ta yi wuya, ba kowane yaro ne za a iya ba akuya ba. Wannan kuwa lungu ɗaya ya ishe shi, ba ya shiga gonar maƙwabci balle a kai ƙara gaban dagaci. Yaron da ya saba yanko ciyawa safe da yamma, da share ɗaki, da lissafin ranar haihuwa, ya koyi kiwo ke nan tun kafin a ba shi tunkiya. Kashinsa kuma taki ne mai kyau ga lambu.

Wanda ya yarda ɗansa ya ajiye, lalle ya lura da zafi, don shi ne babban mai kashe su. Dabbar tudu mai sanyi ce. In awon zafi ya kai 30 ta shiga wahala, bazararmu kuwa ta kan haura 40. Kada a sa su ƙarƙashin rufin kwano. A nemi ɗakin ƙasa mai jinka inda iska ke ratsawa, a ajiye tulun ruwa a ciki su kwanta jikinsa, ruwan sha kuma kada ya yanke. Ginin da ya kai kamu ɗaya ya isa ya tsare su, amma a rufe sama da waya saboda kyanwa da kare da shaho, a kuma toshe ramukan maciji da gafiya.

Harawa da dusa suna da kyau, amma su kaɗai ba su isa ba, saboda dalilin nan da likitocin Norwe suka gano. Dole kullum a ba su ɗanyen ganye. A nan kun fi mutane da yawa sa'a, gama tun da aka gama dam ɗin Watari a ƙasar Bagwai a 1980 kore ba ya yanke muku da rani. Ciyawar bakin lambu da ganyen masara da na kabeji da na karas duk suna ci. Ban da ganyen tumatir da albasa, ban da kuma ciyawar inda aka yi feshin magani. Dagatai su ja kunnen yara a kan wannan.

Namiji ɗaya ya ishi mata 4 ko 5, maza biyu kuwa faɗa za su yi ta yi a gaban mace. A haɗa mace da namiji kafin ta cika wata 6, in ta wuce haka ƙashin ƙugunta ya kan ƙage, haihuwar fari ta zo mata da hatsari. 'Ya'yan su kan fito da gashinsu, ido buɗe, a yaye su bayan mako 3. In ɗaya ya kwanta ciwo, kada ku ba shi maganin mutane, musamman fenisilin, kashe shi ya ke yi. Ku ware shi daga sauran, ku aika a kira malamin dabbobi.