Wutar Da Ta Saki Hanya: Yadda Manyan Bireka Ke Kama Yoyon Lantarki Kafin Gobara Ta Tashi

Ka taɓa riƙe wayarka mai jikin ƙarfe tana caji, ka ji wani ɗan zir-zir a yatsa? Ko ka dafa jikin firji da jiƙaƙƙen hannu wuta ta ɗan ja ka? Abin da ka ji shi ne yoyon lantarki: wutar da ta bar hanyar da aka shata mata, ta bi ta jikinka tana neman ƙasa. A caja mai kyau wannan yoyon bai kai miliampiya ɗaya ba, shi ya sa ka ji shi ka wuce. A masana'anta kuwa, irin wannan yoyon kan kai ɗaruruwan ampiya, ya narkar da ƙarfe, ya tada gobara.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, a gida ko a masana'anta, bireka na yau da kullum ba ya ganin wannan yoyon. Akwai wata fasaha daban da aka ƙera domin kama shi, kuma sanin yadda take aiki zai iya sa ka sake duba akwatin wutar ɗakinka.

Me ya sa bireka ba ya gani?

Ɗan birekan da ke gidanka, mai rubutu irin C16 ko C32, abu ɗaya yake lura da shi: yawan wutar da ke ratsa shi. Idan ta zarce ampiya 16 ko 32 ɗin da aka rubuta, sai ya faɗi don kada kebul ya yi zafi ya kama da wuta. Kebul ɗin yake gadi.

Yanzu mu yi lissafi. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce. Jikin mutum mai gumi ko jiƙaƙƙe, tsaye babu takalmi, turjiyarsa ga lantarki kan sauka zuwa kusan om 1,000. Raba 230 da 1,000, ka samu miliampiya 230, wato bai kai rubu'in ampiya ɗaya ba. Ga bireka mai 32, wannan ba komai ba ne, ko motsi ba zai yi ba. Ga ɗan Adam kuwa, tun daga wajen miliampiya 10 hannu ke fara ƙin sakin abin da ya riƙe, kuma daga 50 zuwa 100 bugun zuciya na iya rikicewa.

Haka lamarin yake a masana'anta, girman lambobin ne kawai ya bambanta. A ce babban bireka mai ampiya 2,000 ne ke ciyar da wani kamfanin sarrafa shinkafa. Ɓera ya ɓantare rigar kebul, ko ƙura da laima sun taru, wuta ta fara tsalle daga layi zuwa jikin akwatin ƙarfe tana tartsatsi, ampiya 800 na zurarewa ta nan. Bireka zai ɗauka injina ne ke aiki, tunda jimillar ba ta kai 2,000 ba. Idan ƙarfin da ke kan tartsatsin bolt 100 ne, to kilowat 80 na zafi ke taruwa a wuri guda, kamar a ce an haɗa dutsen guga 80 masu wat 1,000 a kan tafin hannu. Kafin wani ya ankara, tagulla ta narke.

Dabarar: abin da ya fita dole ya dawo

Lantarki ba ya tafiya ya ɓace. Duk wutar da ta fita ta layin wuta, sai ta koma inda ta fito. A gida tana dawowa ta layin niyutiral. A masana'anta mai fes uku, tana dawowa ta sauran fes ɗin da niyutiral. Idan komai lafiya, ka haɗa abin da ya fita da abin da ya dawo, amsar sifili ce. Idan amsar ta ƙi zama sifili, wani kaso ya bi wata hanya: jikin inji, bututun ruwa, ƙarfen gini, ko jikin mutum. Kamar mai shago ne da ya ƙirga kuɗin aljihun tebur da yamma ya ga bai yi daidai da kayan da suka fita ba.

Wannan dabara tana da tarihi a nahiyarmu. A 1955, wani injiniya mai suna Henri Rubin ya ƙera na'urar gano yoyon lantarki a Afirka ta Kudu domin mahaƙar zinare, inda wuta ke yawan kashe ma'aikata; ta farkon tana katse wuta a miliampiya 250. A 1961 kuma Farfesa Charles Dalziel na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya ƙera irin wadda Amurkawa ke kira GFCI, wadda a yau ke katsewa tsakanin miliampiya 4 zuwa 6.

Kayan aikin awon shi ne zoben ƙarfe mai naɗin siririyar tagulla, wanda injiniyoyi ke kira CT. Idan kebul mai wuta ya ratsa tsakiyarsa, zoben kan fitar da ƙaramar wuta daidai gwargwadon wadda ke wucewa, ba tare da an yanke kebul ɗin ba. Yadda ake jera waɗannan zobba shi ya haifar da hanyoyi uku na gano yoyo a manyan bireka.

Hanya ta farko: kowane layi da zobensa

A nan fes ɗaya, biyu, uku, kowanne na da zobe a cikin birekan, sai na huɗu a kan niyutiral. Ƙaramar kwamfutar da ke fuskar birekan ce ke haɗa lissafin huɗun, tana la'akari da cewa fes ukun ba sa tashi lokaci guda, akwai tazarar digiri 120 tsakaninsu. Abin da ya rage bayan lissafin shi ne yoyon.

Ita aka fi amfani da ita, don zobban suna nan cikin birekan tun asali. Rauninta shi ne kowane zobe na da ɗan kuskurensa. Lokacin da babbar mota mai aiki da lantarki ke tashi, takan ja wuta ninki shida ko fiye na ɗan lokaci, ƙananan kurakuran nan su taru su yi kama da yoyo. Shi ya sa ba a iya saita ta ƙasa-ƙasa. Yawanci daga kashi 20 cikin ɗari na ƙarfin birekan ake farawa. Kuma idan mai haɗawa ya juya zoben niyutiral baibai, birekan zai riƙa faɗuwa babu gaira babu dalili.

Hanya ta biyu: zobe ɗaya ya rungume duka

Maimakon huɗu, sai a sa babban zobe ɗaya, a zura fes uku da niyutiral duka ta cikinsa. Maganaɗisun wutar da ke fita da na wadda ke dawowa suna kashe juna a cikin ƙarfen zoben, don haka muddin babu yoyo, zoben shiru yake. Da zarar wani kaso ya ƙi dawowa, sai ya fitar da sigina. Tunda babu haɗa kurakuran zobba da yawa, wannan hanya tana ganin yoyo ƙanƙani, har zuwa miliampiya. Ita ce ke cikin na'urar RCD ta gida, wadda masu gyaran wuta da yawa a nan ke ce wa ELCB.

Sharaɗinta guda ne mai tsauri: layin ƙasa ba ya shiga zoben. Idan ya shiga, wutar da ta zurare za ta dawo ta cikinsa, lissafi ya koma sifili, na'urar ta makance. Matsalarta ta biyu ita ce girma: faffaɗan sandunan tagulla masu ɗaukar dubban ampiya ba sa shiga zobe cikin sauƙi.

Hanya ta uku: tare ƙofar dawowa

Duk wutar da ta zurare ƙasa, a ƙarshe taransifoma za ta koma, ta wurin da aka ɗaure niyutiral ɗinsa da ƙasa. Sai a sa zobe ɗaya tak a kan wannan mahaɗar. A ranar lafiya kusan babu abin da ke bi ta nan. Duk abin da aka gani yoyo ne. Tana da sauƙi da arha, amma a babban birekan da ke kusa da tushen wuta kawai take aiki, kuma sai idan mahaɗar ɗaya ce.

A nan ne lamarin ya shafe mu kai tsaye. Da wuya ka samu masana'anta ko asibiti a Najeriya da babu janareta. Idan an ɗaure niyutiral da ƙasa a wajen taransifoma, an kuma ɗaure a wajen janareta, sannan makunnin canja layi fes ukun kawai yake canjawa ya bar niyutiral a haɗe, to wuta ta samu hanyoyin dawowa biyu. Sakamakon: ko birekan ya riƙa faɗuwa babu laifi, ko ya ƙi faɗuwa ranar da ake buƙatarsa. Maganin da aka saba shi ne makunnin canji mai ƙafa huɗu, wanda ke raba niyutiral ɗin ma.

Harafin G da maganar lokaci

A fuskar manyan bireka za ka ga haruffa LSIG. L na kula da lodin da ya yi yawa na tsawon lokaci, S na kula da gajeren haɗuwar layi da ɗan jinkiri, I na yankewa nan take, G kuma shi ne na yoyon ƙasa. Bireka mai LSI kawai ba shi da wannan kariyar.

Dokar lantarki ta Amurka, NEC, ta wajabta wannan kariyar tun 1971, bayan yawaitar ƙonewar akwatunan wuta masu bolt 480. Ta shafi manyan makunnan shigowar wuta masu ampiya 1,000 ko fiye. Ba a yarda a saita G sama da ampiya 1,200 ba, kuma idan yoyon ya kai 3,000, jinkirin kada ya wuce daƙiƙa ɗaya.

Me ya kawo jinkiri? Don kada laifin inji ɗaya ya jefa masana'anta duka cikin duhu. Ana so ƙaramin birekan da ke kusa da matsalar ya riga babban faɗuwa. Sababbin na'urori ma suna magana da juna ta siririn kebul: na ƙasa ya aika wa na sama saƙon cewa ya ga laifin, ya dakata. Idan na sama bai samu saƙo ba, ya san matsalar a gabansa take, sai ya yanke ba jira. Wannan tsarin shi ake kira ZSI.

Wayar hannu ma ta shigo harkar. Birekan MasterPact MTZ na kamfanin Schneider Electric yana haɗuwa da waya ta Bluetooth, injiniya ya duba saiti da awon wuta a manhaja daga ɗan nesa. Ta NFC kuwa, yana iya karanta dalilin faɗuwar ƙarshe ko da babu wuta a jikin na'urar.

Sai dai a riƙe wannan da kyau: G na masana'anta kayan aiki da gini yake karewa. Na'urar da aka saita a ɗaruruwan ampiya ba za ta ceci wanda miliampiya 100 ke iya kashewa ba. Kariyar mutum ita ce RCD mai miliampiya 30, wadda a ƙa'ida ke yankewa cikin kashi 300 na dubun daƙiƙa, ko cikin kashi 40 idan yoyon ya kai miliampiya 150.

Abin da za ka duba yau

Buɗe murfin waje na akwatin wutar gidanku ko shagonku, ba tare da ka kwance komai ba. Nemi na'ura mai ɗan maɓalli da harafin T, da rubutun 30mA ko 0.03A. Idan C16 da C32 kawai ka gani, kebul na da mai gadi, ku ba ku da shi. Wannan ya fi muhimmanci ga masu sana'ar cajin waya da gyaranta, waɗanda ke wuni hannunsu na cikin soket da caja.

Idan akwai, danna T ɗin. Ya kamata wuta ta ɗauke nan take. Ƙa'idar Birtaniya ta ce a gwada duk wata shida, Amurkawa kuwa duk wata. Amma maɓallin na'urar kawai yake gwadawa, zai yi aiki ko da layin ƙasan gidan ya tsinke. Wannan sai mai gyaran wuta da na'urar awo. Ka kuma tambaye shi ko kariyar na aiki lokacin da aka koma kan janareta ko inbata, domin ƙananan janareta da yawa niyutiral ɗinsu ba a ɗaure yake da ƙasa ba.

Duba nau'in ma. Nau'in AC shi ne tsohon, yana ganin yoyon wutar da ke kai-komo kaɗai. Nau'in A yana ganin irin yoyon da caja, kwamfuta da injin wanki na zamani ke iya fitarwa. Nau'in B kuma na wuraren da miƙaƙƙiyar wuta ke iya zurarewa ne, kamar wasu inbatocin sola da cajar motar lantarki.

Idan RCD ta riƙa faɗuwa, kada ka yarda a cire ta ko a yi mata gada da guntun kebul. Tana faɗa maka akwai inda wuta ke zuba ne. Cire kayan ɗaya bayan ɗaya har ka gano mai laifin. Sau da yawa hita ce, ko famfon ruwa, ko jabun caja da ba a raba ɓangaren bolt 230 da na bolt 5 a cikinta yadda ya kamata ba. Kuma ko da RCD, kada ka yi caji a banɗaki ko da jiƙaƙƙen hannu, domin idan ka haɗa layin wuta da niyutiral da jikinka, abin da ya fita ya dawo daidai, na'urar ba za ta ga komai ba.